Yadda ake sayen babbar motar alfarma ta hannu da riƙe ta: inda take lalacewa da abin da take ci

Motocin manya irin su Mercedes-Benz E-Class da S-Class, BMW 5 Series da 7 Series, Audi A6 da A8, Jaguar XJ da Lexus LS suna da wani hali da ke ruɗar mai saye. Farashinsu na zubewa da sauri, har bayan shekara goma sai ka tarar ana sayar da su a kuɗin ƙaramar mota. Amma kayan gyaransu ba su san motar ta tsufa ba. Shokozobar da aka ƙera don motar shugaban kamfani tana nan da tsadarta ko da motar ta kai hannu na huɗu. Sayen doki ba shi ne wahala ba, harawarsa ce. Ina son waɗannan motoci, kuma yana yi mini ciwo in ga wadda aka ƙera da kyau ta durƙushe a bayan gareji saboda ƙaramin gyaran da aka yi ta ɗagewa har ya haifi babba. Ga yadda za ka bi daki-daki don kada taka ta shiga wannan sahu.

Mataki na 1: Yi lissafi kafin ka je ganin motar

Da zarar ka zauna a kujerarta ka ji shirun da ke ciki, lissafi ya gudu. Don haka ka yi shi tun kana gida. Ɗauki takarda, ka tambayi farashin waɗannan abubuwa na ainihin samfurin da kake so, tare da kuɗin aikin makanike: taya huɗu, faifan birki da takalmansa na gaba da baya, batir, sabis ɗin baƙin mai, canjin man giya da matatarsa, famfon ruwa, da shokozoba guda biyu in motar mai jakar iska ce, wato wadda jakunkunan roba masu iska ke ɗauke da nauyinta a kan ƙafafunta.

Za ka ga tsadar ta fuska uku take zuwa. Ta farko yawa: injin silinda shida ko takwas yakan sha lita shida da rabi zuwa tara na baƙin mai, inda ƙaramar mota lita huɗu ke isarta. Tsofaffin injunan Mercedes M112 da M113 fulogi biyu suke da shi a kowace silinda, wato 12 a V6, 16 a V8, injin V12 na M275 kuwa 24. Ta biyu nauyi: mota mai kusan tan biyu tana cinye taya, birki da bushin, wato robobin da ke mahaɗar ƙafafun mota, fiye da mara nauyi. Ta uku ita ce wahalar kaiwa ga abin da ya lalace. Sau da yawa gaskit ɗin da ke yoyo ba shi da tsada, amma sai an kwance rabin inji kafin hannu ya taɓa shi, kuma awannin aikin ne za ka biya.

Shawarata ita ce kada ka kashe duk abin da ke hannunka wajen saye. Ka ware kuɗin sabis na farko gaba ɗaya, ka ƙara da kuɗin gyara mafi tsada da aka san samfurin da shi. Idan ware wannan zai sa ka kasa sayen motar, to ka nemi wadda ba ta kai ta ba.

Mataki na 2: San injin da ke cikinta, ba sunan da ke bayanta kawai ba

Nan ne aka fi yin kuskure. Mota biyu masu suna ɗaya, shekara biyu tsakaninsu, za ka iya samun ɗaya lafiyayya ɗaya mai ciwon gado. Karɓi lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ka bincika da ita wane inji da wace giya ke cikin motar, da ko kamfani ya taɓa kiran samfurin don gyara.

A ɓangaren Mercedes, injin V6 na M272 da aka ƙera a shekarun farko, daga wajajen 2004 zuwa 2008, an san shi da cinyewar haƙoran wani ƙarfe mai daidaita girgizar inji. Ƙarfen ba babba ba ne, amma yawanci sai an sauke inji kafin a canja shi. E-Class na W211 kafin gyaran fuskar 2006 yana da birkin lantarki da ake kira SBC, wanda famfonsa ke ƙirga yawan taka birki, idan ya kai iyaka ya nemi a canja shi. Giyar 7G-Tronic kuwa tana da farantin lantarki a cikinta mai ɗauke da sensa, idan ya lalace motar kan maƙale a giya ɗaya, kuma sabon sai an haɗa shi da kwamfutar motar.

A BMW, injin V8 na N62 yana da matsalar robobin bawul da ke bushewa, shi ya sa za ka ga shuɗin hayaƙi bayan motar ta daɗe a tsaye tana aiki, sannan akwai bututun ruwa da ke ratsa tsakiyar injin yana yoyo. N63 da ya fito a 2008 an cusa masa turbo biyu a tsakiyar injin, zafin wurin yana dafa robobi da wayoyi, injin kuma yana shan baƙin mai. Ƙaramin N20 mai silinda huɗu na shekarun farko robar da ke riƙe sarƙar injinsa kan farfashe. N47 na dizal sarƙarsa a bayan inji take, gyaranta babban aiki ne. Injunan silinda shida irin N52, N54 da N55 famfon ruwansu na lantarki ne, kuma yakan mutu ba tare da ya yi wani dogon gargaɗi ba.

A Audi, injin 2.0 TFSI na wajajen 2009 zuwa 2011 ya yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai saboda ringin fistin. Yawancin injunansu na V6 da V8 sarƙarsu a baya take. Giyar Multitronic da ke cikin A6 mai jan gaba ba ta jure sakaci. Lexus LS 460 ta fi su kwanciyar hankali, amma ita ma bushin ƙafafunta na gaba da na'urar matsa birkinta suna gajiya, kuma ba su da araha. Audi A8 tun 1994 da Jaguar XJ tun 2003 jikinsu na alminiyam ne, ba kowane mai gyaran jikin mota ke iya aikinsa ba, don haka ƙaramin karo ma yana da tsada.

Wannan ba yana nufin ka guje su duka ba. Motar da aka riga aka yi wa gyaran ciwon gadonta, da rasit a hannu, ta fi wadda ba ta yi tafiya mai yawa ba amma ciwon na jiran ta.

Mataki na 3: Je ka gan ta da sanyin inji

Ka roƙi mai sayarwa kada ya tayar da ita kafin ka zo, kuma da ka isa ka ɗora hannu a kan injin ka tabbatar. Inji mai zafi yana ɓoye abubuwa da yawa.

Kafin ka buɗe ƙofa, ja baya ka dubi tsayuwarta. Motar da ke kan jakar iska, idan ta kwana ta karkata gefe ɗaya ko gabanta ya sunkuya, iska na zurarewa. A nan zan ɗan tsaya, domin wannan shi ne misali mafi bayyana na yadda ƙaramin abu ke haifar da babba. Jakar iskar roba ce, tana tsufa tana tsattsagewa a wurin da take naɗewa. Idan ta fara yoyo, kwamfaresan da ke hura mata iska zai riƙa aiki ba hutawa don ya cike giɓin. An ƙera shi ne ya yi aiki na ɗan lokaci ya huta, don haka sai ya yi zafi ya ƙone. Wanda ya canja jaka a makon da ta fara yoyo abu ɗaya ya saya. Wanda ya bari wata uku zai sayi jaka, kwamfaresa da rile ɗinsa, wani lokaci har da akwatin bawul mai raba iskar. Wasu manyan Mercedes kuma ba iska suke amfani da ita ba, mai ne a tsarin ABC, wanda matsinsa ya kai kusan bar 200. Daɗin tafiyarsa babu kamarsa, amma gyaransa ya fi na iska tsada, kuma ba zan ba mai ƙaramin ƙarfi shawarar ya shiga ba.

Yanzu sa wani ya tayar da ita kana tsaye kusa da inji. Saurari daƙiƙun farko. Ƙarar kacau-kacau da ke ɗaukar daƙiƙa biyu ko uku alama ce ta sarƙar inji ko abin da ke ɗaure ta ya saki. Zaga baya ka dubi salansa: shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa, farin hayaƙi mai kauri da bai gushe ba bayan inji ya ɗumama ruwa ne, baƙi kuwa man tafiya ne ya yi yawa. Buɗe murfin baƙin mai ka leƙa ko akwai daskararren datti. Dubi tankin ruwa, kada a ga mai yana yawo a kai. Ɗaga tabarmar ƙasa ta gaba da ta but ka taɓa ko da danshi.

Sannan ka danna kowane maɓalli da ke cikin motar, ba tare da jin kunya ba: kujeru, gilasai, madubai, rufin sama, labulen baya, na'urar sanyaya ɗaki a kowane ɓangare, allo, kyamara, lasifika. Duk wanda bai yi aiki ba kuɗi ne, ka rubuta shi.

Mataki na 4: Sa mata kwamfuta irin tata

Ƙaramar na'urar da ake soka wa kowace mota inji kawai take karantawa, alhali waɗannan motoci suna da kwamfutoci da dama, kowace da aikinta. Nemi mai Xentry in Mercedes ce, ISTA in BMW ce, ODIS ko VCDS in Audi ce, Techstream in Lexus ce. Ka ce a karanta dukan sassa, a ba ka sakamakon a rubuce. Idan ba a ga laifi ko ɗaya ba a tsohuwar mota, kada ka yi saurin murna. Ka sa a duba ko gwaje-gwajen da injin ke yi wa kansa sun kammala, domin in ba su kammala ba, mai yiwuwa yanzun nan aka goge laifuffukan. Wasu sassan kuma suna ajiye adadin kilomita nasu daban, a gwada su da abin da ke kan dashbod.

Mataki na 5: Tuƙa ta sosai, sannan a ɗaga ta

Zagaye ɗaya bai isa ba. Ka ba ta aƙalla rabin awa, a cunkoso da kuma buɗaɗɗen titi. Giya ta riƙa shiga ba tare da duka ba, musamman lokacin da kake rage gudu za ka tsaya, da lokacin da ka sa ta baya. Ƙwanƙwasa a kan gargada bushin ne ko ƙafa. Rawar sitiyari idan ka taka birki faifai ne ko bushin gaba. Idonka na kan ma'aunin zafi.

Bayan nan a ɗaga ta a gareji, a cire murfin robar da ke ƙarƙashin inji, domin yana tare mai ya hana shi ɗiga ƙasa. A duba kaskon giya, bayan inji, da gidan matatar mai. Karanta shekarun tayoyin: lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayoyi huɗu masu suna daban-daban suna gaya maka irin riƙon da mai ita ya yi mata a sauran wuraren da ba ka gani.

Mataki na 6: Sabis ɗin wata na farko

Duk abin da babu rasit ɗinsa, ka ɗauka ba a yi shi ba. Fara da baƙin mai, kuma kada ka tsaya a kaurinsa kawai, ka nemi lambar amincewar kamfani a jikin galan: irin su MB 229.5, BMW Longlife-01, ko VW 502 00, gwargwadon abin da littafin motarka ya ce. Mai dizal da ke da matatar hayaƙi nasa man daban ne, mai ƙarancin toka. Kamfanoni suna ba da tazara mai tsawo tsakanin sabis, amma ga tsohuwar mota, musamman mai turbo ko mai yawan gajerun tafiye-tafiye da tsayuwa a cunkoso, ni ina ganin kilomita 8,000 zuwa 10,000 ko shekara guda ya isa, duk wanda ya riga zuwa.

Sai man giya. Za a ce maka an zuba shi ne na har abada. Kamfanin ZF, wanda ya ƙera giyar da ke cikin BMW, Jaguar da Audi da dama, shi da kansa ya ba da shawarar a canja man, kuma ga motar da ke shan wahala ya ambaci kilomita 80,000 zuwa 120,000 ko shekara takwas. A yawancinsu matatar a jikin kaskon take, tare ake canja su. Ana kuma auna man ne a wani ƙayyadadden zafi da kwamfuta ke nunawa, ba da ka ba. Wannan sabis yana da ɗan tsada, amma ko kusa bai kai kuɗin giya ba.

Man birki kowace shekara biyu, domin yana tsotsar danshi. Matatar iska, ta mai da ta cikin ɗaki. Fulogi in lokacinsu ya yi. Bel da abin da ke ɗaure shi.

Tsarin sanyaya inji shi ma kada ka jira ya fashe. Tankin ruwa, bututu, gidan tamostat da bakin lagireto duk roba ne, kuma zafin shekaru yana sa su ƙeƙashe. Idan ɗaya ya tsage, sauran tsaransa ne, gara a canja su tare. Zuba ruwan sanyaya inji irin wanda kamfani ya ce, kada ka gauraya iri biyu, kada ka zuba tsurar ruwa. Kada kuma ka yarda kowa ya cire tamostat da sunan maganin zafi.

Mataki na 7: Alamomin da ba a ɗage su

Idan gargaɗin zafi ko jar fitilar baƙin mai ta kama, ka tsaya a wuri mafi kusa da babu haɗari, ka kashe inji. Kan injin alminiyam ne, 'yan mintuna na zafi sun isa su lanƙwasa shi. Kuɗin janwe ƙalilan ne a kan kuɗin inji. Fitilar inji idan tana ƙiftawa, wata silinda ce ba ta kama wuta, ɗanyen mai na gangarawa salansa yana lalata matatar hayaƙi, wadda ta ninka kwayil, abin da ke ba fulogi wuta, tsada sau da yawa. Yoyon mai a gaban inji ma ba na bari ba ne: a wasu injunan BMW man da ke zuba daga gidan matata yana jiƙa bel, bel ya zame ya tsinke, har guntayensa su shige cikin inji.

Batir kuwa shi ne tushen da yawa daga abin da ake kira matsalar lantarki. Idan ya yi rauni, kwamfutocin sai su fara kawo gargaɗi barkatai, na birki, na giya, na jakar iska, alhali duk lafiyarsu ƙalau. Kafin a canja wani sashe mai tsada, a auna batir: lafiyayye da ya huta yana nuna kusan bolt 12.6. Sayi irin wanda aka cire, in AGM ne AGM, da ƙarfi iri ɗaya. A BMW da Audi da yawa sai an sanar da kwamfuta cewa an sa sabo, in ba haka ba za ta riƙa yi masa cajin tsoho ta gajarta masa rai. Wasu samfuran batir biyu gare su, a duba ƙaramin ma. In motar za ta yi makonni a ajiye, sa mata ƙaramar caja mai riƙe batir.

Ruwan sama ma abokin gaba ne. Rufin da ke buɗewa da gindin gilashin gaba suna da ƙananan magudanai, ganye da ƙura na toshe su, ruwa ya koma ciki ya kwanta inda kwamfutoci suke a ƙarƙashin tabarma ko cikin but. Share su sau biyu a shekara aikin minti kaɗan ne.

Game da taya: da yawa cikin motocin nan na baya sun fi na gaba faɗi, don haka ba a musanya su. Irin tayar da aka ƙera don ta iya tafiya bayan ta sace, yawanci kilomita 80 aka yarda ta yi, a gudun da bai wuce 80 a awa ba. A mota mai jan ƙafa huɗu, tayoyin da cinyewarsu ta bambanta sosai suna wahalar da akwatin raba ƙarfi. Mai dizal kuma, in kullum gajeriyar tafiya yake yi, matatar hayaƙinsa za ta toshe, don tana bukatar doguwar tafiya lokaci-lokaci ta ƙone kunkunniyar da ta tara.

Mataki na 8: Zaɓen makanike da kayan gyara

Nemi wanda ya ƙware a kan kamfani ɗaya kuma yake da kwamfutarsa. Gwajin mai sauƙi ne: tambaye shi me ya auna kafin ya ce abu kaza ne ya lalace. Lambar laifi tana nuna inda za a fara bincike ne kawai. Makaniken da ke canja sassa ɗaya bayan ɗaya yana jiran ya dace, da kuɗinka yake koyon aiki.

Akwai hanya ta halal ta rage tsada. Masu ƙera motocin ba su ke yin kowane sashe ba, suna saya ne daga irin su Bosch, Lemförder, Mahle, Sachs, Bilstein, ATE da Pierburg. Sashen da ya fito daga waɗannan a kwalinsu yakan yi daidai da na dila, da sauƙin farashi. Ka yi oda da lambar shasi, ka kuma yi hattara da jabu, domin sunayen da aka fi yarda da su su aka fi kwaikwaya. Kayan da aka ciro daga wata mota sun dace da ƙofa, fitila, madubi ko kujera. Ba su dace da jakar iska, famfon ruwa, bushin ko sarƙar inji ba, don shekarunsu ɗaya da wanda ka cire. Duk lokacin da aka buɗe wuri mai wuyar kai, tambayi abin da ke kusa da ya kusa gajiya a canja shi a aiki ɗaya, kada ka biya kuɗin kwancewa sau biyu.

Ajiye kowane rasit a fayil ɗaya, da kwanan wata da kilomita. A ƙarshen shekara ka tara abin da ka kashe a sabis, gyara, taya, inshora da man tafiya, ka raba shi gida goma sha biyu: abin da za ka riƙa warewa ke nan kowane wata a shekara mai zuwa. Idan aka kawo maka gyaran da kuɗinsa ya doshi darajar motar, sa a sake yi mata cikakken bincike irin na mataki na huɗu da na biyar kafin ka yanke shawara. In sauran jikinta lafiya yake, gyara ta. In giya, jakar iska da tsarin sanyaya inji duk suna layi, ka sayar da ita, ka gaya wa mai saye gaskiyar abin da ke damun ta, ka miƙa masa fayil ɗin tare da makulli.